Murhun da Na Gyara wa Ɗiyar Fari

Ni ba mai dogon karatu ba ne. Aji huɗu na yi a Maraɗi aka cire ni aka kai ni gidan burodin kawuna, daga nan hannuna bai sake rabuwa da laka da bulo ba. Tun ban yi gemu ba nake gina tanderu. Da na zo New York, shekara ashirin da wani abu ke nan, na tarar a nan ma bango yana tsagewa, sai na ci gaba da abin da na iya. Yanzu gwiwoyina sun gaji, bayana ma haka. Amma in aka zo maganar wuta da bulo, ba na tambayar kowa.

Ɗiyata ta fari tana aure a Tompkinsville. Mijinta direba ne, mutum mai natsuwa, kunyarsa har ta yi yawa. Suna zaune a wani tsohon gidan katako a kan tudu, gidan da na tabbata ya girmi kakana. A falonsu akwai murhu a cikin bango, irin na Turawan da, wanda ake hura itace a ciki don ɗaki ya yi ɗumi, hayaƙin ya bi bututu ya fita ta saman rufi. Tun kafin su shiga gidan aka daina hura shi. Ita ta jera hotuna a kansa, cikinsa kuma ya zama ma'ajiyar takalma.

A wajenmu ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a zama hira da shi. Haka ubana ya yi wa yayata, haka na yi wa wannan yarinya. "Ke" nake ce mata, in kuma ba ta nan in ce "waccan". Tana da shekara tara aka kawo ta ƙasar nan, ta ga yadda uban wasu ke rungume su a bakin makaranta. Ta taɓa tambayar uwarta ko wani laifi ta yi mini. Uwar ta kawo mini maganar, na ce ai ta san al'ada. Ban ƙara komai ba, ita ma ba ta sake tambaya ba.

Da cikinta ya tsufa ba wanda ya gaya mini, ni ma ban tambaya ba. Na dai ji an ce Yaya za ta zo daga gida, na gane. Yaya ita ce babbar yayata, ita ke yi wa duk 'yan matan danginmu jego. Bisa ƙa'ida haihuwar fari a gidan iyaye ake yin ta, to amma namu gidan a Highbridge ɗaki biyu ne a hawa na biyar, lif ɗin kuma sai ranar da ya ga dama yake aiki. Uwarta tana aikin kula da tsofaffi, ga kuma tata kunyar. Shi ya sa Yaya ta sauka can Tompkinsville, a tsakiyar sanyi.

Ranar da ta sauka aka nuna mata hita. Ta taɓa ƙarfen, ta taɓe baki. Ta ce mai jego wuta take so, wadda ido ke gani, wadda za ta gasa mata baya har ƙashi, ba wannan ƙarfen da ke ta tsaki a lungu ba. Kafin la'asar ta gano murhun, ta kwashe takalman, ta ce wa surukina ya hura.

Shi ya ga tsagogi a ciki. Maimakon ya kira ni, kunya ta hana shi. Ya je ya sayo siminti irin na daɓen ƙasa, ya kwaɓa, ya lafta a cikin murhun kamar mai yaɓen katanga. Kwana biyu ya ga ya yi tauri, ya zuba itace ya kunna don gwaji.

Ina wurin aiki wayarsa ta shigo. Ya gaishe ni, ya tambayi gajiya, ya tambayi sanyi, ya tambayi mutanen gida, ya sake komawa kan gajiya.

Na ce, "Malam, ina kan tsani. Mene ne?"

Ya ce, "Baba, dama murhun nan ne."

"Me ya same shi?"

"Baba, harbi ya yi."

Washegari na kama hanya. Daga Highbridge zuwa can tafiya ce: jirgin ƙarƙashin ƙasa har ƙarshen Manhattan, sannan jirgin ruwa, sannan ka hau tudu da ƙafa, iska tana yankan kunne. Na tarar da ɓallin siminti kamar tafin hannuna a kan kujera, nesa da murhun da taku huɗu. Allah ya sa ba kowa a kujerar.

Na durƙusa na haska tocila. Na ɗauki guduma na ƙwanƙwasa bulon ɗaya bayan ɗaya. Mai lafiya yana amsawa da ƙarfi, wanda ya mutu kuma sai ka ji kamar ka bugi ƙwarya. Fiye da rabin bangon baya ya mutu. Ƙasar da ke tsakanin bulo ta zama gari, da yatsa nake tone ta. A kusurwar hagu na ja wani bulo ya biyo hannuna, na zura hannu ta ramin har gwiwar hannu, na taɓa katako. Busasshen katako, wanda ya shekara ɗari yana jiran tartsatsi guda.

Na miƙe na ce, "Ba mai sake kunna ko ashana a nan sai na ce."

Yaya tana zaune ta miƙe ƙafa tana jan carbi. Tun ina saurayi maso take ce mini, wato magini, yadda muke faɗa a can. Ta ce, "To maso, kai da ake ta yabo, kwana nawa?"

Na ce, "Aiki kwana uku. Bushewa mako guda. Sannan ƙaramar wuta kwana huɗu."

Ta lissafa da yatsu, ta ce, "Kai, haihuwa za ta tsaya jiran kwaɓinka ne?"

"Kwaɓin ma bai san ana haihuwa ba, Yaya."

"Tun kana ƙarami bakinka ya fi hannunka sauri."

Na ce ta ba ni lokacin da na faɗa, in Allah ya yarda mai jego za ta samu wutarta, gidan kuma yana tsaye.

Abin da ban iya ba ba na cewa na iya. Bututun sama ba aikina ba ne. Na sa surukina ya kira masu wannan sana'ar, suka share shi, suka zura kyamara har sama, suka ce shi lafiyarsa lau, ƙasan ne ya lalace. Akwai wata ƙofar ƙarfe a maƙogwaron bututun wadda ake buɗewa hayaƙi ya wuce, tsatsa ta cinye ta rabi a rufe, suka gyara ta. Na kuma sa ya liƙa na'urar nan mai kuka in iskar ɗaki ta ɓaci. Sauran ya zama nawa.

Na rubuta masa abin da zai sayo, na ce in ya dawo da wani abu daban zai koma. Bulon wuta, mai launin ƙwai, wanda ya fi na gini nauyi. Sai ƙasar wuta ta cikin buhu, wadda aka yi don wannan aikin kaɗai. Ya tambaye ni a hankali, kansa a ƙasa, me ya sa nasa simintin ya fashe. Na ce siminti bai san wuta ba. Yana riƙe ruwa a cikinsa, kuma ba ya miƙa. In zafi ya zo, ruwan ya nemi hanya ya rasa, sai ya fasa. Bulon wuta kuwa an riga an gasa shi fiye da duk wutar da za ka hura masa. A gida da jar ƙasa da garin fasassun tukwane muke yi, dalilin ɗaya ne.

Kwana na farko duk a fasa aikin surukina ya ƙare. Guduma da cizal, ina kwance a kan kafaɗa, rabin jikina a cikin bango, baƙin hayaƙin shekara da shekaru yana zubo mini a fuska. Ya so ya taya ni, na ce ya tafi aikinsa, taimakon da ya yi ya isa. Na fitar da matattun bulo, na tone tsakanin masu rai har zurfin gaɓar yatsa, na goge da burushin ƙarfe. Ramin da ya kai ga katako na toshe shi da bulo biyu a jere kafin in tayar da bangon gaba.

A kwana na biyu ne waccan ta kawo mini shayi. Na ji takunta a bayana, mai nauyi, tana numfashi sama-sama.

"Baba, ga shayi."

"Ajiye."

Ta ajiye, amma ba ta tafi ba. Ina tsoma soso a bokiti ina jiƙa tsofaffin bulon. Can ta ce, "Baba, me ya sa kake jiƙa su? Na ɗauka so ake su bushe."

Da wani abu daban ta tambaya, da kalma ɗaya zan ba ta. To amma wannan aiki ne. Na ce busasshen bulo ƙishirwa gare shi. In ka shafa masa kwaɓi haka nan, zai shanye ruwan kafin kwaɓin ya kama, gobe ka zo ka bare shi da farce. Na nuna mata kaurin kwaɓin, kamar kunun da cokali ke tsayawa a ciki. Na nuna mata yadda ake shafa shi siriri, bai kai kaurin fensir ba, don wuta ta fi cin kwaɓi a kan bulo, saboda haka ba ka ba ta da yawa. Na gaya mata yadda kawuna ke shimfiɗa gishiri da fasassun kwalabe a ƙarƙashin daɓen tanderu don su riƙe zafi. Duk wannan fuskata tana cikin murhu, bayana take gani. Ta ja kujera ta zauna. Har shayin ya huce ban sha ba. Tun da aka haife ta ban taɓa yi mata magana mai tsawon wannan ba.

Yaya ta leƙo daga kicin ta ce, "Yau kuma maso wa'azi yake yi wa bango?"

Na ce, "Bangon ya fi wasu saurare."

Kwana na uku na gama. Na goge bakin kowane layi da jiƙaƙƙen yatsa, na share, na ja baya na duba. Ya yi. Ba sai wani ya gaya mini ba. Na gicciya katako biyu a bakin murhun, na ce mako guda.

A kwana na huɗu da bushewa waccan ta haihu, mace. Likitoci ma ba su sa ran ta da wuri haka ba. Matata ce ta gaya mini a tsaye tana ɗaura ɗankwali, na ce madalla, Allah ya raya. Na shiga banɗaki na daɗe ina wanke fuska.

Bayan kwana biyu aka sallamo su daga asibiti. Yaya ta sa aka sauko da gado falo, daura da murhun. Washegari mako ya cika, na yi sammako bayan asuba da ƙullin ƙananan itace a jaka. Dusar ƙanƙara ta zuba, tudun nan yana santsi. Tun daga bakin ƙofa na ji ƙaurin takarda.

Ban ƙarasa sallama ba, ban cire takalmi ba. Yaya ta cire katakon da na gicciya, ta cika murhun da manyan gumagumai har baki, ta cusa jarida a ƙasa, wuta ta fara lasar na farkon. Na finciko su ɗaya bayan ɗaya da hannu, na zuba a bokitin ƙarfe, na fita na kife a cikin ƙanƙara. Na dawo tafin hannuna yana raɗaɗi. Abin da na faɗa da ƙarfi na faɗa, ban taɓa ɗaga wa Yaya murya ba sai ranar.

Ta miƙe tsaye. "Ni za ka yi wa tsawa a gaban surukinka? Ni da na goye ka?"

"Kin goye ni, ban musa ba."

"Ka ce mako guda, mako ya cika. Yarinya kwana uku da haihuwa ba ta ga wuta ba. In sanyi ya shige ta, kai za ka cire shi da cokalin gininka?"

Surukina ya manne da bango kamar a ce masa ya ɓace. Jaririyar ta fara kuka. Na san Yaya ba mugunta take yi ba, tsoro take ji, kuma ni ma na taso na ga ana gasa masu jego, ban raina abin ba. Na sauke murya.

Na ce, "Yaya, in kin sayo sabuwar tukunyar ƙasa, ranar kike ɗora ta a wutar tuwon biki?"

Ta harare ni. "Wace mahaukaciya ce za ta yi haka?"

"To yaya kike yi mata?"

"A zuba mata ƙasari, a ɗora a wuta kaɗan. Gobe a ƙara. Sai ta saba."

"In ba a yi haka ba fa?"

Ta dubi murhun.

Na ce, "Wannan sabuwar tukunya ce. Waje ya bushe, ciki da saura. In ya tsage, tuwo ba zai zube ba, katakon da ke bayansa ne zai kama, kuma waccan da abin da ta haifa a nan suke kwana. Ki ba ni kwana huɗu. Ranar suna ki hura abin da kike so."

Ta zauna a hankali, ta gyara mayafi. Ta ce, "To kai za ka zauna ka yi ta. Ni ba ni da haƙurin wutar 'yan tsana."

Nan fa wata matsalar ta taso, kowa ya gan ta ba wanda ya faɗa. Uba ba ya zama a ɗakin jegon ɗiyarsa, balle ta fari. Amma surukina bai san karatun wuta ba, Yaya kuma na ga abin da hannunta ke yi in ba na nan. Na kira wurin aiki na ce ba ni zuwa kwana huɗu. Na kife bokiti a gaban murhun, na zauna a kai, na ba gadon baya.

Ranar farko itace kamar yatsa. Wutar da ba za ta tafasa butar shayi ba. In bar ta awa guda, in bar ta ta mutu, in jira bulo ya huce, in bi kowane layi da yatsa da tocila, in sake hurawa. Yaya tana wucewa da tafasasshen ruwan wanka tana cewa a kawo wa maso fitila kada wutarsa ta ji tsoron duhu. Da rana ta yi, wani layi a kusurwar hagu ya yi duhu, ya fara gumi, yana wani siririn tsaki. Na kira ta.

"Yaya, zo ki ga ruwan da nake faɗa miki."

Ta sunkuya ta daɗe tana kallo. Ta miƙe ta koma kicin. Amma da azahar ta kawo mini farfesun kan rago daga na mai jego, ta dire a gabana ta ce kada in saba.

Rana ta biyu itace kamar tsintsiyar hannu, ta uku kamar damtse. Gumin ya daina. Ni kuwa duk abin da ake yi a bayana ina ji. Na san kukan yunwa, na san na jiƙewa. Na ji uwar tana yi wa jaririyar Turanci a hankali, ta juya ta yi wa Yaya Hausa. Na ji tana dariya, ashe dariyar mahaifiyata gare ta, ban taɓa lura ba. Wani lokaci sai ta ce, "Baba, yaya bangon?" in ce, "Yana sabawa." Ban waiwaya ba ko sau ɗaya. Gwiwoyina kuwa ba su yafe mini bokitin nan ba har yau.

Ranar suna da sassafe, kafin mutane su taru, na jera gumagumai da hannuna, na buɗe ƙofar ƙarfen, na miƙa wa Yaya ashana. Wuta ta tashi sosai. Na fita waje na ɗaga kai, hayaƙi yana fita ta inda ya kamata. Na dawo na zagaya ta bayan bangon, na ɗora tafin hannu a daidai inda katakon yake, na tsaya har na gaji da tsayuwa. Sanyi ƙalau. Na koma na duba layukan ta cikin harshen wuta. Ko tsagar da ta kai gashi babu.

Na ce, "Ku gasa."

Yaya ta zaunar da mai jego a tabarma, bayanta ga wuta. Na ji ta sauke wani dogon numfashi. Na tattara guduma da cizal zan koma wajen maza, sai Yaya ta tare ni ta ɗora mini jaririyar a hannu ba shawara.

"Ungo amaryarka. Kwana huɗu kana ba ta baya, ta ce ta yi fushi."

Jika ba kunya tsakaninka da ita, abokiyar wasa ce. Na dube ta na ce wannan mai hancin kamar ɓallin bulo ba ta yi mini ba, a mayar. Yaya ta ce ai hancina ne aka ɗebo. Ina riƙe da ita, hannuna duk baƙi, ban san lokacin da na ci gaba da magana ba.

Na ce, "Ke amarya, ki gaya wa uwarki kada ta bari a sa gawayi a murhun nan, busasshen itace kawai. Ki gaya mata in ta ga tsaga, ko yaya take, ta kira ni da kanta. Ba sai ta bi ta kan kowa ba."

Daga bayana ta ce, "Ta ji, Baba."

Tun daga shekarar, da zarar sanyi ya fara, wayarta takan shigo. Ta ce kamar ta ga wani abu a kusurwar hagu, in zo in duba. Na san aikina, babu abin da ke kusurwar hagu, kuma ba abin da zai same ta nan kusa. Nakan ɗauki tocila in hau jirgin ruwa.